Lemon Ƙara Kuzari: Ina Gajiyar Take Tafiya?

[Taken shiri. A rage sauti.]

  

Yau a filinmu na kiwon lafiya, zancenmu a kan lemon nan ne da samari ke kira enaji, wato lemon ƙara kuzari. A shekarun baya sai a manyan kantuna ake ganinsa, cikin siririn gwangwani mai tsada, sai wane da wane. Yanzu ya sauko cikin roba, kuɗinsa ya yi kusa da na lemon kwalba. Yaron da ke tallar ruwa a danja yana ɗauke da shi cikin bokitin ƙanƙara. Mai Adaidaita Sahu ya soke ɗaya a gefen sitiyari. Ɗan dako a kasuwa, ɗalibi mai jiran jarrabawar WAEC ko NECO, 'yan gidan kallon ƙwallo a daren gasar zakarun Turai, duk za ka gan su da shi. Sunayen kuwa kun fi ni saninsu: Fearless, Predator, Power Horse, Supa Komando, Red Bull, Monster da sauransu.

Asalin abin ba don yara aka yi shi ba. A shekarar 1976, a ƙasar Tailan, wani ɗan kasuwa mai suna Chaleo Yoovidhya ya fito da wani abin sha cikin 'yar ƙaramar kwalba, mai suna Krating Daeng, kuma leburori da direbobin dogon zango ne manyan masu sayensa. Wani mutumin Ostiriya, Dietrich Mateschitz, ya ɗanɗana, ya ga akwai kasuwa, suka haɗa jari. Aka gyara ɗanɗanon, aka sa masa gas, ya fito a Turai a 1987 da sunan Red Bull. Daga nan talla ta karɓi aiki: tseren motoci, ƙungiyoyin ƙwallo, mawaƙa. Abin da aka yi wa ƙato mai ɗaukar buhu, yau ga shi rabin lita a hannun yaron ƙaramar sakandare wanda ko gemu bai tsira ba.

To me ke ciki? In ka juya robar ka karanta, za ka ga jerin sunaye masu ban tsoro ko ban sha'awa: tawurin, gwarana, bitamin B iri-iri. Kada su ruɗe ka. Masu aikin gaske biyu ne, sinadarin kafeyin da sukari. Gwarana ma 'ya'yan wata itaciya ce ta ƙasar Birazil, kuma abin da take ƙarawa shi ne wani kafeyin ɗin a kan na farko.

Mu tsaya a kan kafeyin, domin nan ne ruɗin yake.

Tun daga lokacin da mutum ya farka da asuba, akwai wani sinadari da ke taruwa a ƙwaƙwalwarsa, masana na kiransa adenosin. Yadda yini ke tafiya haka yake ƙaruwa, yana shiga wasu gurabe da Allah ya tanadar masa. Idan ya taru da yawa sai mutum ya fara hamma, ido ya yi nauyi, jiki ya mutu. Saƙo ne jiki ke aikowa cewa a huta. Barci ne kaɗai ke kwashe wannan sinadari. Shi kuwa kafeyin, ƙirarsa ta yi kama da ta adenosin, sai ya riga shi shiga guraben nan ya toshe. Saƙon gajiya ya daina isowa. A lokaci guda jiki ya saki sinadarin da yake saki in mutum ya tsorata, zuciya ta ƙara gudu, jini ya ɗan hau, ido ya bushe. Sai saurayi ya ce ya samu caji.

Malam mai Adaidaita, kai za ka fi kowa fahimtar wannan. Jar fitila ta kama a gabanka, tana nuna baƙin mai ya yi ƙasa. Maimakon ka tsaya wajen bakanike, sai ka samu baƙin salatif ka liƙe fitilar, ka ci gaba da lodi. Fitila dai ba ta ƙara damunka ba. Injin fa? Abin da lemon nan ke yi wa jiki ke nan. Gajiyar tana nan inda take, tana ma ƙaruwa, ji ne kawai aka hana ka. Da zarar kafeyin ya fara saki, duk abin da ya taru sai ya auko a lokaci guda. Shi ya sa wanda ya sha da hantsi, da la'asar za ka same shi ya fi ɗazu laushi, yana laluben aljihu zai sayi ta biyu.

Yanzu mu yi ɗan lissafi, ku ba ni aron kunnuwanku. Ƙaramin gwangwanin Red Bull mai mililita 250 yana da miligiram 80 na kafeyin. Babban gwangwanin Monster mai mililita 500 yana da miligiram 160. Wato kusan miligiram 32 a kowane mililita 100, kuma da yawa daga cikin irin waɗannan lemuka a nan kusa suke. A 2015 hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta ce babban mutum mai lafiya zai iya kaiwa miligiram 400 a yini, mai juna biyu kada ta wuce 200, yara da matasa kuwa kada su wuce miligiram 3 a kan kowane kilo na nauyinsu. Ɗauki yarinya ko yaro ɗan shekara 14 mai nauyin kilo 45. Uku sau 45, miligiram 135 ke nan. Roba ɗaya mai rabin lita ta riga ta tsallake wannan iyaka. Ba a sa kofin mai shayi na safe ba, ba a sa lemon kola ba, ba a sa ƙwayar ciwon kai irin Panadol Extra ba, wadda kowace ɗaya ke ɗauke da miligiram 65. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ma ba ta tsaya lissafi ba. Tun 2011 ta ce wannan lemo ba shi da gurbi a abincin yara da matasa.

Kuma kafeyin ba ya saurin barin jiki. A mafi yawan manya, sai bayan kamar awa biyar rabinsa ke fita. Ka sha miligiram 160 da magariba, ƙarfe goma sha ɗaya na dare akwai kusan 80 yana yawo a jininka, tamkar a lokacin ka shanye ƙaramin gwangwani. A wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2013, an ba mutane miligiram 400 awa shida kafin su kwanta, aka auna aka ga barcinsu ya ragu da fiye da awa guda. Matashi kuwa awa 8 zuwa 10 jikinsa ke nema a kowane dare, domin a cikin barci ne jiki ke girma, kuma a cikinsa ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka karanta da rana.

Ɗalibai, wannan taku ce. Ka kwana kana zare ido a kan littafi da roba biyu a gefe, ido a buɗe yake, amma karatun bai samu wurin zama ba. Gari ya waye ka shiga ɗakin jarrabawa hannu na rawa, gaba na faɗuwa, fitsari ya matse ka, abin da ka haddace ƙarfe uku na dare ya ce ɗauke ni inda ka ajiye ni. Wanda ya yi karatun awa uku ya kwanta ya fi ka riba, ko da kai ka fi shi wahala.

Direbobin Kano zuwa Legas, da na Maraɗi zuwa Yamai, ku ma ga taku. Mota mai gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Gyangyaɗin daƙiƙa uku, ka yi tafiyar sama da mita 80 babu direba. Ƙwaƙwalwar da ta kwana biyu ba barci tana iya ɗaukewa haka ko da ido a buɗe, ko da an sha roba nawa. Ka faka a wuri mai aminci ka runtsa na minti ashirin. Fasinja su yi ta mita, gara mitarsu.

[Ɗan gajeren kiɗa]

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan lemon ƙara kuzari da lafiyar matasanmu.

Sai sukari. Ƙaramin gwangwanin nan mai mililita 250 yana da giram 27 na sukari, kusan cokalin shayi bakwai. In rabin lita ne mai irin wannan zaƙi, ana maganar cokali 13 da ɗoriya. Hajiya, da za ki ga ɗanki yana zuba cokali 13 a kofin shayi, ai sai kin buge masa hannu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya wuce kimanin giram 50 a yini, in da hali ma a tsaya a 25. Roba guda ta cinye kason yini. Wanda ya mai da wannan abin kullum yana share wa ƙiba da ciwon sukari hanya. Haƙora kuwa duka biyu suke sha, ga sukari ga tsami, kuma tsamin lemon ya isa ya riƙa cinye farin rufin haƙori a hankali, musamman ga mai kurɓa kaɗan-kaɗan tun safe har azahar. Nau'in da aka rubuta babu sukari ya rage matsala ɗaya, amma kafeyin da tsamin suna nan.

Mutane kan tambaya, shin gaskiya ne yana kashe ƙoda? Abin da likitoci suka tabbatar shi ne, manyan abubuwa biyu da ke lalata ƙoda a duniya su ne ciwon sukari da hawan jini, kuma yawan shan wannan lemo yana tura mutum wajen duka biyun. Sai a haɗa da zafinmu. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Damagaram, lebura ya yini yana zuba gumi, jikinsa ruwa yake nema, sai ya ba shi sukari da kafeyin. Ƙoda ba ta son haka. Mai sikila ma ya yi hattara ƙwarai, domin ƙarancin ruwa a jiki na cikin abubuwan da ke tayar da ciwon.

Zuciya ita ce abin da ya fi tayar da hankali, ko da yake ba kullum abin ke faruwa ba. Akwai matasan da aka haifa da 'yar matsala a bugun zuciya, ba su sani ba, iyayensu ba su sani ba, don ba a taɓa aunawa ba. A watan Afrilun 2017, a jihar South Carolina ta Amurka, wani ɗalibi ɗan shekara 16 ya sha kofi, ya sha babban lemo mai kafeyin, ya ɗora da lemon ƙara kuzari, duk cikin kamar awa biyu. Ya yanke jiki ya faɗi a aji, rai ya yi halinsa. Jami'in da ya binciki mutuwar ya ce yawan kafeyin cikin ƙanƙanen lokaci ne ya hargitsa bugun zuciyarsa. Allah ya kiyashe mu. 'Yan ƙwallon unguwa masu ɗaga roba ɗaya a tashi guda kafin a busa usur, ku ji da kyau: gudu zai sa zuciya aiki iyakar ƙarfinta, kai kuma ka riga ka zabure ta tun daga benci.

Akwai maganar da ba na jin daɗin faɗa, amma ɓoye ta ba shi da amfani. Wasu samari suna jefa ƙwayar tiramadol a cikin robar, wasu su tsiyaya maganin tari mai kodin, a girgiza, a riƙe a hannu a gaban kowa, kowa na zaton lemo ne. Wasu don aikin ƙarfi, wasu don abin da suke kira ƙarfin maza. Binciken da hukumar ƙididdiga ta Najeriya ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna mutum miliyan 4.6 ne ke shan irin su tiramadol da kodin ba da izinin likita ba. A shekarar ne gwamnati ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin. Tiramadol shi kaɗai yana iya jefa mutum cikin jijjiga irin ta farfaɗiya, kuma yana danne numfashi. Kafeyin sai ya rufe maye, mutum ya ji kamar garau yake, ya ƙara wata ƙwayar. Haka yake yi da giya. Kuma a sani, akwai nau'in wannan lemo da ake sayarwa da giya a cikinsa tun daga kamfani, gwangwanin ya yi kama da na sauran. A riƙa karantawa kafin a buɗe.

Na san wani dattijo yana jin mu yanzu yana gyaɗa kai, yana cewa yaran zamani sun lalace, alhali ɓarin goro na kumatunsa. Baba, a gafarce ni, kafeyin ɗin nan shi ne a cikin goronka. Goron nan kakanninmu suka yi ta zuwa Gwanja da ayarin jakuna suna ɗaukowa. Kafeyin ɗin ne kuma a shayin nan mai kumfa da ake dafawa a kan gawayi a majalisa, zagaye uku. Bambancin shi ne goro ɗaci gare shi, a hankali ake tauna shi, babu sukari, kuma ba a saba ganin yaro ɗan shekara 12 ya sayi goro da kuɗin tara ba. Lemon kuwa sanyi, zaƙi, ya wuce maƙogwaro cikin minti biyu. Duk da haka mai hawan jini da mai gyambon ciki su rage goron ma.

To me za a sha? Kafin wannan, a fara tambayar me ya kawo gajiyar. Sau da yawa ɗayan uku ne: ba a yi barci ba, ba a karya ba, ko ba a sha ruwa ba. Yaron da ya kwana kan waya ya fita makaranta da ciki wayam, ba lemo yake buƙata ba. Koko da ƙosai sun fi masa, ko ɗumamen tuwo, ko dafaffen ƙwai.

Fura da nono, a ganina, babu abin sha a cikin firjin kanti da ya kama ƙafarta. Gero yana sakin ƙarfinsa sannu a hankali, nono yana gina jiki, ga citta da kanumfari. Manomi ya sha ta da hantsi ya kai la'asar a gona, ba yau aka fara ba. Sharaɗi biyu ne: nonon ya zama an dafa madarar kafin ta yi tsami, kuma a kula da ruwa da ƙanƙarar da aka dama da su, don taifot da kwalara ta nan suke shigowa. Kunun gyaɗa ma haka yake riƙe ciki. Kunun aya da dabino da kwakwa ba ya buƙatar sukari ko kaɗan, sai dai ba ya jure zafi, in ya yini a waje ya fara tsami a zubar. Garin 'ya'yan kuka, wanda ake kaɗawa da ruwa ko da nono, yana da bitamin C mai yawa. Ga tsamiya, ga kankana a lokacinta, ga gyaɗa da dabino da za a zuba a aljihu a tafi aji ko tasha.

Zoɓo ba shi da kafeyin, kuma an gwada shi. A jami'ar Tufts da ke Amurka an ba masu ɗan hawan jini kofi uku a yini har mako shida, jininsu ya sauka da kimanin maki bakwai. Amma wannan zoɓo ne marar tulin sukari. Wanda ake cika wa sukari da garin ɗanɗano na leda har ya yi kauri, lemon kwalba ne ya sake riga. Mai juna biyu da mai shan maganin hawan jini su tambayi likita kafin su mai da shi na kullum.

Kada kuma a ce duk abin da aka kira na gargajiya lafiya ne. Gadagi da ire-iren haɗin da ake dafawa a bakin tasha, wanda ba ka san abin da aka jefa a tukunyar ba, gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Wanda ya yini cikin rana yana gumi har ya ji jiri, ruwa ne maganinsa, in ya yi tsanani a haɗa masa ruwan gishiri da sukari yadda ake koya wa mata a asibiti: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, cokalin shayi shida na sukari a shafe, rabin cokali na gishiri. Da azumi kuma, masu yin sahur da lemon ƙara kuzari suna cutar kansu, domin zai ƙara musu fitsari da safe, sukarin ya sake su tun kafin azahar. Buɗa baki da shi a kan cikin da ya yini babu komai kuwa, mai gyambon ciki ya san sakamakon.

Idan kuma ana barci, ana cin abinci, amma gajiya ta ƙi tafiya, musamman ga 'yan mata da suka fara al'ada, a je a auna jini. Ƙarancin jini yana da yawa a tsakaninsu, kuma zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki suna ƙara shi. Wake, hanta, zogale da alayyafo suna taimakawa, a kuma daina kora abinci da shayi, don yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe.

Wasu ƙasashe sun sa doka a kan lemon ƙara kuzari. Lituweniya ta hana sayar wa 'yan ƙasa da shekara 18 tun 2014, Latbiya ta bi a 2016, Folan a farkon 2024. A Najeriya an sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi a 2022, wanda ko yaro bai ji a aljihunsa ba. Lambar hukumar NAFDAC da ke jikin roba shaida ce cewa an yi wa kayan rajista, ba izini ba ne a ba yaro. Da yawa daga cikin kamfanonin ma sun rubuta da kansu, da ƙananan haruffa, cewa bai dace da yara da masu juna biyu da masu shayarwa ba. Alhaji mai shago, in ɗan firamare ya miƙo kuɗi, kana da ikon ka ce masa a'a. Shugabannin makarantu kuma suna da ikon hana sayar da shi a bakin ƙofa.

Wanda ya riga ya saba, kada ya yanke a rana ɗaya. Ciwon kai da kasala da saurin fushi za su taso cikin yini guda, su ɗauki kwanaki, sai ya ce ai ga shi jikinsa ba ya yi sai da shi. Mai shan biyu ya koma ɗaya na mako guda, sannan rabi, kuma kada ya sha bayan azahar. Iyaye, a yi wannan da lallashi, faɗa ba ya cire ciwon kai.

In kuwa wani ya sha, sai ya ji ƙirji na ciwo, ko zuciya na bugawa ba daidai ba, ko numfashi na sarƙewa, ko ya suma, ko ya fara jijjiga, kada a tsaya ɗura masa madara ko manja. A kwantar da shi ta gefe, a nufi asibiti da shi nan take, a tafi da robar da ya sha, kuma abokansa su gaya wa likita gaskiya in an jefa wani abu a ciki.

  

[Taken shiri]